Ɗan Gilashin Gefen Direba

A layin makanikai babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Sannu-Sannu kowa yake ce masa, shi kuma yana amsawa. Yadda yake aiki ne ya ja masa sunan. In ka kawo masa motar da gilashinta ya maƙale, sai ya tsaya ya ƙura wa ƙofar ido kamar mai jiran ta yi masa bayani, ya ƙwanƙwasa nan ya saurara, ya ƙwanƙwasa can ya saurara, kafin ya ɗauki ko da sukudireba. Mai walda da ke maƙwabtaka da shi yakan ce, "Ranar da gobara ta tashi a layin nan, sai Sannu-Sannu ya gama jera ƙusoshinsa a gwangwani kafin ya fito." Shi dai sai ya yi murmushi ya ce ai ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Kuma gaskiyarsa ce.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran gilashin mota. Ya fara ne a wani kamfani da ke ƙera jikin bas, inda ya koyi yanka gilashi da ɗaura shi. Da kamfanin ya durƙushe sai ya kama shago mai ɗaki ɗaya, ya kafa teburin katako, ya shimfiɗa masa tsohon bargo don kada gilashi ya karce. A bango robobin taga ne rataye kamar igiyoyi, a kan kantar shagon kuma gwangwanayen madara cike da noti da washa da sifirin, kowane iri da gwangwaninsa. A cikin wannan sana'ar ya yi aure, a cikinta ya raini 'yarsa tilo har ta zama malamar makaranta, ta yi aure a wani gari. Matarsa ɗinki take yi a gida, shi ya sa tun suna da ƙuruciya yake kiranta Tela, ita kuma ta ce masa Maigida, sai in ya ɓata mata rai ta kira shi da sunan layi.

Da motocin zamani suka cika gari, masu gilashin da ake danna wa maɓalli, aikin ya koma hannun masu gyaran waya. Aka bar masa tsofaffin motoci da tsofaffin masu su. Bai damu ba, domin da su ya saba.

Abin da ya dame shi hannunsa ne na dama. Wata safiya ya ɗaga kofin shayi, sai ya ga shayin yana rawa. Ya ajiye, ya ce gajiya ce. Bayan wata biyu gajiyar ba ta tafi ba. In hannun yana zaune lafiya lau yake, amma da zarar ya kai shi ga aiki mai bukatar nutsuwa, zura ƙusa a rami ko jan layi a kan gilashi, sai ya kama karkarwa kamar ba nasa ba. Bai gaya wa kowa ba. Ya koma shan shayi da hannu biyu. Ya daina cin abinci tare da mutanen layi, ya ce cikinsa ne ba ya son na waje. Duk wanda ya kawo aikin yanka kuwa sai ya ce abin yankansa ya dakushe, bai samo sabo ba.

A haka Mai Ƙwai ya kawo motarsa.

Mai Ƙwai abokinsa ne na kusan shekara talatin, mutum mai ƙiba da yawan dariya, wanda yake ɗauko ƙwai daga gonakin kaji ya rarraba wa shaguna. Motar tsohuwar a-kori-kura ce mai ruwan toka, ta girmi wasu makanikan layin. Irin motocin nan ne masu ɗan gilashi mai kusurwa uku a gaban kowace ƙofa, wanda ake murɗa 'yar sakatarsa a tura shi ya juya, iska ta shigo daidai yadda mutum yake so. Ga wasu ado ne kawai, amma ga Mai Ƙwai numfashi ne. Asma ce da shi tun yana saurayi. In ya sauke babban gilashi iska ta buge shi a ƙirji, tari ya taso. In ya rufe ruf kuma numfashinsa ya sarƙe. Da ɗan gilashin nan yake auna iskarsa.

"Mutumina, ga 'yan kunnuwan tsohuwa na kawo maka," in ji shi yana fitowa daga motar da nishi. "Na gefena ya ƙi buɗuwa, na ɗaya gefen ya ƙi rufuwa. Kamar ni da matata."

Sannu-Sannu ya zagaya motar, hannunsa na dama a aljihu. Na gefen direba tsatsa ta kama shi gam. Na ɗaya gefen kuwa sakatarsa ta karye, an ɗaure shi da waya, robarsa ta bushe ta tsattsage.

"Wa ya ɗaura wannan wayar?"

"Injiniya ne babba."

"Injiniyan nan a kama shi."

"To ga ni, kama ni," in ji Mai Ƙwai, ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Kwana nawa? Ka san kaji ba sa zuwa hutu."

Nan ne ya kamata Sannu-Sannu ya faɗi gaskiya. Maganar ta zo masa har baki. Amma mai walda yana tsaye yana jin su, ga kuma abokinsa yana kallonsa da irin yardar da ba ta taɓa rawa ba. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Kwana uku."

"Kwana uku naka ko na mutane?"

"Na mutane."

Ranar farko ta tafi daidai. Ya cire marfin cikin ƙofofin, ya sauke manyan gilasan har ƙasa, ya kwance ƙusoshin da suka riƙe firam ɗin kowane ɗan gilashi, ya karkato shi baya ya zaro shi a hankali. Wannan aikin ƙarfi ne da dabara, hannun bai ba shi kunya sosai ba. A ƙasan kowane firam akwai ɗan sandan ƙarfe da gilashin yake juyawa a kansa, da sifirin da noti. Na gefen direba sun zama dunƙulen tsatsa guda. Ya tsoma su a kananzir ya bar su su kwana.

Rana ta biyu ya kankare tsohuwar robar, wadda ta yi tauri kamar busasshiyar fata, ya goge ƙarafan da samfefa, ya shafa musu baƙin fenti. Ya samo sakata a cikin gwangwanayensa, wadda ya ajiye tun shekarun da shi ma ya manta. Sai da ya yi kusan awa guda kafin ya zura ƙusa ɗaya a raminta, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, amma ya zura. Kafin la'asar na gefen fasinja ya haɗu, yana juyawa lumui, yana tsayawa inda aka tsayar da shi. Ya zauna yana kallonsa, zuciyarsa ta yi sanyi. Har ya fara gaya wa kansa wataƙila ya tsorata ne a banza.

Rana ta uku da hantsi ya ɗauko na gefen direba. Abin da ya rage shi ne a mayar da gilashin cikin firam ɗinsa. Ana naɗa wa bakinsa siririyar roba, a shafa ruwan sabulu, a dafa ɗan katako a kai, a riƙa bugawa da guduma kaɗan-kaɗan har ya zauna. Ya yi wannan ya fi sau dubu. Ya buga sau ɗaya, ya buga na biyu. A na uku hannun ya fizge, gudumar ta kauce wa katakon ta sami kusurwar gilashin.

Ƙarar ba ta da yawa. Tas! Shi ke nan. Gilashin ya zube a kan bargo kamar tsakuwar gishiri, aka bar shi riƙe da firam babu komai a ciki.

A waje ana ta bugun ƙarfe, rediyon mai faci yana ta surutu. Abu na farko da ya yi, wanda daga baya ya fi komai ci masa rai, shi ne ya je ya tura ƙofar shagon. Ya tattare bargon, ya juye ɓaraguzan a buhu, ya cusa a ƙarƙashin tebur.

Da yamma Mai Ƙwai ya zo yana wasa da makullin gidansa.

"Ina amarya?" ya ce, yana leƙen motarsa.

"Robar da aka kawo mini ba ta yi ba," in ji Sannu-Sannu, yana goge sifana da tsumma don kada su haɗa ido. "Na aika a kawo wata. Ka ƙara mini kwana biyu."

"To haɗa mini ita haka nan mana, in lallaɓa."

"Ƙofofin a farke suke. In na haɗa sai na sake farkewa."

Mai Ƙwai ya sosa ƙeya. "Ka ga, kwana ukun nan ƙwai ya taru, masu shaguna sun fara kirana. Bari in nemi aron mota. Amma kwana biyu fa, mutumina."

"Kwana biyu."

Washegari tun da safe ya rufe shago ya nufi wajen masu tsofaffin motoci a bayan gari. Ya bi su fili-fili, yana tsallake injuna da tayoyi, yana leƙa gawarwakin motoci. Wani ya ce irin wannan an daɗe da narkar da su. Wani ya yi dariya ya ce, "Baba, ai sai dai gidan tarihi." A wuri na biyar ya sami ƙofa irin ta motar, har ya fara murna, amma da aka juyo ta sai ya ga ramin ɗan gilashin fayau. Ya koma gida bai samo ba. Kashegari ma haka.

Akwai hanya ɗaya, kuma ya san ta tun ranar da gilashin ya fashe. Gilashin shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da lanƙwasa, ana iya yanko irinsa daga gilashin gaban tsohuwar bas, mai leda a tsakiya. Yana da guntun irin wannan a bayan kanta. Amma yankan yana son hannu tsayayye, a ja layi sama, a ja ƙasa daidai kan na saman. Mutum ɗaya ne a unguwar zai iya, Mai Madubi, wanda yake yanka gilashin tagogin gidaje a bakin titi. Shekarun baya Sannu-Sannu ya taɓa cewa a gaban jama'a mai yankan madubin kwalliya ba ya cikin masu sana'a, maganar kuma ta koma kunnen mutumin. Tun daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Zuwa wurinsa yana nufin ya ce, ni na kasa. Ya ɗauko guntun gilashin sau biyu yana mayarwa.

Kwana biyu suka zama huɗu. Mai Ƙwai ya kira, ya ce masa robar tana hanya. Ya sake kira, bai ɗauka ba.

A rana ta biyar da azahar ya koma gida cin abinci, ya tarar Tela ta ture keken ɗinkinta gefe tana zaune tana jiransa. A kan tebur akwai faranti, a cikin farantin 'yan ƙwayoyin gilashi ne guda shida ko bakwai.

"A naɗin ƙafar wandonka na same su," ta ce. "Gilashin wa ka fasa?"

"Aiki ne, ana fasawa."

"Kai ba ka fasawa. Maigida, miƙo hannunka."

Ya miƙa na hagu.

"Sannu-Sannu, kada ka mai da ni yarinya. Ɗayan."

Ya miƙa. Ta ɗora masa cokali ta ce ya kai baki. Cokalin ya kama kaɗawa tun kafin ya yi rabin hanya. Ta karɓe ta ajiye, idonta ya ciko.

"Wata biyar ina kallonka. Ka daina sa riga mai maɓalli. Ka daina aske gemunka da kanka, ka ce wai wanzami ya fi iyawa, kai da ka ce wanzamai ɓarayin lokaci ne. Na yi shiru ina jira ka gaya mini da bakinka. Ni ce fa. Wa kake ɓoye wa?"

Ya zauna a bakin gado ya gaya mata komai, har da ƙaryar roba. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce, "Hannu ciwo ne, ba kai ka ɗora wa kanka ba. Amma ƙaryar taka ce. Tashi ka je ka sami Mai Ƙwai."

Bai kai ga tashi ba wayarsa ta yi ƙara. Matar Mai Ƙwai ce. Suna asibiti. Motar da mijinta ya aro rufaffiya ce, gilasanta ba sa sauka, ga hayaƙi yana shigowa ta ƙasa, ga ƙurar abincin kaji da aka saba ɗauka a cikinta. Kwana huɗu yana daurewa. Yau a kan hanya numfashin ya ɗauke, da ƙyar ya gangara gefen titi, wasu masu wucewa ne suka fito da shi.

Sannu-Sannu bai san yadda ya isa asibitin ba. Ɗakin dogo ne mai gado takwas, yana warin magani. A gado na ƙarshe ya hango abokinsa, an rufe masa hanci da baki da robar iska, ƙaton cikin nan yana hawa yana sauka da wahala. Matarsa tana gefe tana riƙe da takalmansa a leda, kamar ta rasa inda za ta ajiye su.

"Yaya, ka gani ko?" ta ce. "Na ce masa ya jira motarsa, ya ce masu shaguna ba sa jira. Ita wannan robar daga wace duniya za a kawo ta?"

Da ya yi shiru da maganar ta wuce a haka. Mai Ƙwai ma ya ɗaga masa hannu, idonsa yana murmushi. Wannan murmushin ne ya karya shi.

"Babu wata roba," ya ce. "Robar tana shago tun ranar farko. Gilashinka na fasa. Hannuna ya lalace, wata da watanni ke nan, ban gaya wa kowa ba. Na ji kunya na yi maka ƙarya."

Ya fito da hannun daga aljihu ya nuna musu, kamar mai miƙa shaida.

Matar ta ajiye takalman a ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba saboda marasa lafiya, amma kowace kalma ta shige shi.

"Kunya? Kai kana jin kunya, shi yana shaƙar hayaƙi? Da ka ce gilashi ya fashe, ai da ya toshe ramin da kwali ya hau motarsa. Kwali, Yaya! Shekara nawa kana cin abinci a gidana? Yau da ya mutu a bakin titi, me za ka zo ka gaya mini? Roba tana hanya?"

Mai Ƙwai ya janye robar daga bakinsa, ya ja numfashi sau biyu kafin magana ta fito.

"Na kira ka... ba ka ɗauka ba."

"Haka ne."

"Ni na ɗauka... ba ka da lafiya ne. Har na ce... zan biyo in duba ka."

Ya mayar da robar, ya juya fuskarsa bango. Sannu-Sannu ya tsaya har ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce masu dubiya su ba da wuri.

Daga asibitin shago ya wuce. Ya ɗauko guntun gilashin bas, ya zana siffar ɗan gilashin a kwali da taimakon firam ɗin, layin duk ya karkace. Ya rungumi kayan ya ratsa layin makanikai da rana tsaka, kowa yana kallo, har shagon Mai Madubi.

Mai Madubi siririn mutum ne marar yawan magana. Ya dubi kwalin, ya dubi karkataccen layin, ya dubi hannun da ya miƙo masa. Sannu-Sannu ya shirya wa baƙar magana, ya san ya cancance ta.

"Firam ɗin za ka kawo mini," in ji Mai Madubi. "Wannan zanen ba zai yi ba."

Ya koma ya kawo. Mutumin ya sake aunawa, ya ja layi a sama, ya juya gilashin ya ja a ƙasa, ya ɓalle shi a hankali, ya ɗumama ledar tsakiya ya yanke ta da reza. Sannan ya zauna ya goge bakin da dutse har ya yi santsi. Yana cikin gugar ne ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ashe mai madubin kwalliya ma yana da rana."

"Yana da ita. Na yi kuskure a maganar nan."

"Na daɗe da sanin ka yi kuskure. Ungo gilashin, riƙe da hannu biyu."

Kafin ya dawo shago labari ya riga shi. Mai walda ya leƙo, ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, sai ya fasa, ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Baba." Tun da suke bai taɓa ce masa Baba ba. Wannan ya fi masa ciwo a kan tsokanar.

Saura ɗaurawa, kuma ya san ba zai sake ɗaga guduma a kan gilashi ba. Washegari Tela ta bar ɗinkin mutane ta biyo shi shago, karo na farko cikin shekaru. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta tsaya gaban tebur.

"Gaya mini, ni ce hannun."

Ya nuna mata yadda za ta naɗa robar, ta naɗa ta fi yadda yake yi kyau, don ta saba da kalmasa. Ya dafa firam ɗin da ƙirjinsa da hannun hagu, ita ta riƙe katako da guduma.

"Kaɗan. A'a, ba haka ba, kamar kina ƙwanƙwasa ƙofar mai barci."

"To ka daina numfashi a wuyana."

"Matsa hagu. Tsaya! Saurara. Kin ji ƙarar ta canja? Ya zauna ta nan."

Suka yi ta yi har azahar, suna faɗa suna shiryawa. Ta sa sifirin a juye, ya sa ta kwance. Ta ɗaure notin ya yi tsauri, gilashin ya ƙi juyawa, ya ce ta sassauta rabin zagaye. Da suka mayar da firam ɗin cikin ƙofa, ya tura ɗan gilashin da yatsa, ya juya ya tsaya cak. Tela ta yi dariya, hannunta baƙi ƙirin da giris. Shi bai iya dariyar ba. Aikin ya yi kyau, amma ya san ba nasa ba ne.

Sai bayan kwana goma sha biyu Mai Ƙwai ya zo ɗaukar motar. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya yi sallama, suka gaisa kamar mutanen da suka haɗu a layin banki. Sannu-Sannu ya jawo masa kujera, ya ce a'a, sauri yake yi. Ya shiga motar, ya murɗa sakatar, ya tura gilashin, ya jawo, ya sake turawa. Ya shafa sabuwar robar da babban yatsa.

"Ya yi," ya ce.

"Mai Madubi ne ya yanka. Tela ta ɗaura."

"Na ji." Ya dafa sitiyari. "Ka je asibiti?"

"Jibi."

"Ka je."

Ya tayar da motar ya tafi.

Ya je asibitin, Tela ta raka shi. Likita ya sa shi ya zana da'ira a takarda, ya taɓa hancinsa da yatsa, ya ɗaga kofin ruwa. Ya ce irin wannan rawar ba ta warkewa, sai dai magani ya rage ta, kuma da ya zo da wuri da an daɗe da fara ragewa. Maganin ya rage ta kaɗan, amma yana sa shi kasala, wani lokaci ya yi gyangyaɗi a kan kujerar shago da rana tsaka. 'Yarsa da ta ji labari ta yi kuka a waya, ta ce ya rufe shagon su dawo kusa da ita. Ya ce zai duba. Har yanzu yana dubawa.

Shagon yana buɗe, sai dai aikin ya sauya. Kunnensa da idonsa ba su lalace ba, yana iya gane ciwon ƙofa kafin a buɗe ta, yana kwancewa, yana wanke tsatsa. In an zo wajen yanka ya aika wa Mai Madubi, in an zo wajen ɗaurawa ya jira ranar da Tela ba ta da ɗinki da yawa. Wasu tsofaffin masu kawo masa aiki sun janye, ba su ce komai ba, ya dai daina ganinsu.

Gidan Mai Ƙwai kuwa ya je sau biyu. A da in ya je kai tsaye yake wucewa tsakar gida, ya zauna a kan buhunan da ke bakin kicin, matar gidan tana korarsa yana ƙin tashi. Yanzu falo aka kai shi, aka kawo masa ruwa a kofin baƙi, a kan tire. Mai Ƙwai ya fito suka yi maganar zafi da tsadar abincin kaji da lalacewar hanya. Babu wanda ya yi masa rashin mutunci. Da ya tashi tafiya har ƙofa aka raka shi, aka ce ya gaida gida.

Ran wata Asabar da yamma Tela ta gan shi yana neman takalmansa a ƙarƙashin gado.

"Ina zuwa?"

"Gidan mutumin."

"Sun kira ka ne?"

"A'a."

Ta tsayar da keken ɗinkin. "Maigida, in falon nan za a sake kai ka, ka dawo kana juya abinci a faranti, gara ka bari zuciyarsu ta huce tukuna."

"Ba na jin za ta huce ina zaune a nan."

"To me za ka ce musu wanda ba ka faɗa ba?"

Ya zura ƙafa ɗaya, ya sunkuya yana kokawa da igiyar ɗayan. Ta taso za ta ɗaura masa, ya ɗaga mata hannu, ta koma ta zauna tana kallonsa har ya gama.

"Babu," ya ce. "Zan je in zauna dai."